Bayan Fiɗar Ƙashin Baya, Yaushe Mai Haƙar Zinare Zai Sake Kama Igiya?

Hawan dutse a wajen Turawa wasa ne mai dokoki da kayan aiki da masu horarwa, har ya shiga gasar Olamfik da aka yi a Tokyo a 2021. Don haka likitocin can sun saba da wata tambaya: mutumin da aka yi wa fiɗa a ƙashin baya, yaushe zai sake hawa, kuma ta wace hanya? A ƙasar Zamfara ma an san hawan dutse tun kaka da kakanni, ga samarin Kwatarkwashi nan da suka yi suna wajen hawan dutsen garinsu a bikin kamun maiki. Amma in ana neman inda tambayar ta fi zafi a yau, sai a nufi yamma, Bagega da dazuzzukan Anka da Bukkuyum, inda maza ke hawa da sauka a jikin dutse kullum don neman abin kai wa bakin salati. Su nasu hawan a cikin ƙasa yake. Ana haƙa ramin zinare a tsaye, faɗinsa bai wuce mutum ya buɗe ƙafafu ya taɓa bango biyu ba, a sassaƙa 'yan gurabe na sa ƙafa a jikin bangon, a zura igiya daga sama. A ƙasa kuma sai a bi jijiyar zinaren a kwance, mutum yana sunkuye ko yana rarrafe da guduma da tocila, yana jan buhun dutse. Wanda ya faɗo a irin wannan wuri, ko ƙasa ta rufto masa a gadon baya, in Allah ya yi da sauran kwana har aka kai shi aka yi masa aiki, kafin a cire zaren ɗinki ya fara tambaya: "Likita, yaushe zan koma rami?"

Ba a iya amsa masa sai an san abin da aka taɓa a jikinsa. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne, bakwai a wuya, goma sha biyu a baya inda haƙarƙari ke maƙale, biyar a ƙugu, sannan na kwankwaso da suka haɗe wuri ɗaya. Tsakanin kusan kowane biyu akwai faifan guringuntsi da ke shanye girgiza, ta tsakiyarsu kuma laka ta ratsa. Lakar tana ƙarewa ne a wajen farkon ƙasusuwan ƙugu, daga nan sai jijiyoyi su ci gaba zuwa ƙafafu da mafitsara da dubura da gaba. Mahaɗar baya da ƙugu ita ce wurin da ya fi karyewa in mutum ya faɗo daga sama ya dira a kan ƙafafu ko ɗuwawu, saboda a nan sashen da haƙarƙari ya riƙe ƙam yake haɗuwa da sashen da ke lanƙwasa. Shi ya sa likitan ƙashi in ya ga wanda ya faɗo ya fasa dunduniya yakan duba bayansa ko da bai yi kukan baya ba.

Fiɗar kuma ba iri ɗaya ba ce, ko da yake a gida duk "an yi masa aiki a baya" ake cewa. Akwai wadda ake yi in faifan guringuntsi ya tsage, cikinsa ya ɓullo ya danne jijiya, ciwo na sauka har tafin ƙafa. Likita ya yanke abin da ya ɓullo, ya rufe. Wannan ta fi sauƙi. Yawancin likitoci kan hana sunkuyo da murɗa jiki da ɗaukar kaya na kamar mako shida, aikin ƙarfi kuma sai wajen wata uku. Haɗarinta shi ne ƙofar da cikin faifan ya bi ya fito tana nan a buɗe, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma abin yakan sake ɓullowa, musamman a watannin farko. Akwai kuma babbar, wadda ake ɗaure ƙasusuwa biyu ko fiye da ƙusoshi da sandunan ƙarfe, a zuba ɓarɓashin ƙashi a tsakani don su haɗe su zama ɗaya. Ita ake yi wa mafi yawan masu karayar da ba ta tsaya wuri ɗaya ba, da wasu daga cikin waɗanda tarin fuka ya cinye musu ƙashin baya. Wannan cuta ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce a wajen mutanen da ke shaƙar ƙurar dutse shekara da shekaru, kuma mai ita sai ya cika watannin shan maganinsa ko an yi fiɗa ko ba a yi ba.

A kan fiɗa ta biyu nake so a tsaya, don nan ne ake yin kuskuren da ke gurgunta mutane. Majinyaci ya ga hoton bayansa da ƙarafa a jere, sai ya ɗauka ya fi da ƙarfi. Ƙarfen nan aikinsa irin na katakon da magina ke tokare rufin siminti da shi ne kafin ya kama: riƙo ne na wucin gadi, ƙarfin gaske yana zuwa ne in ƙashi ya haɗe. Haɗewar tana fara kankama a wata uku zuwa shida, kuma takan kai shekara, wani lokaci fiye, kafin ta kammala. In aka ɗora wa wurin nauyi da girgiza kafin nan, ƙashin ya ƙi haɗewa, to ƙarfen ne zai ci gaba da ɗaukar kowace lanƙwasa shi kaɗai, har ƙusa ta saki ko sandar ta karye. Abin da ke yaudarar mutum shi ne ciwo yana tafiya tun kafin ƙashi ya haɗe. Wata biyu bayan aiki yana tafiya kasuwa, yana salla a tsaye, jama'a na yi masa barka da arziki, alhali a cikin jiki aikin bai kai rabi ba. Hoto ne kaɗai ke nuna haɗewar, hoton kuma yana Gusau ko Sakkwato ko Kano.

Wannan nisan shi ma wani ciwon ne. Mutumin Bagega da ke bukatar irin wannan fiɗa sai ya wuce Anka, ya wuce abin da ƙananan asibitoci za su iya, ya dangana da manyan wurare irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato mai cibiyar fiɗar ƙwaƙwalwa da laka, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Mutumin Gummi kuwa Sakkwato ta fi masa kusa. Zuwa na farko dole ne ke sa shi, dangi su sayar da abin da za su sayar. Komawa a duba shi bayan wata uku da wata shida ita ce takan faɗi, ga kuɗin mota, ga hanyar da kowa ya san halin tsaron da take ciki, ga shi kuma yana jin garau. Ni a ganina kuɗin waɗannan tafiye-tafiye na baya wani ɓangare ne na kuɗin fiɗar, kuma ranar da ake haɗa gudummawar aiki ya kamata a ware su gefe, kada a taɓa.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da wannan yanki, wanda likitan 'yan wasa a Turai ba ya tunaninsa. A 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a Dareta da 'Yargalma da ƙauyukan da ke kewaye saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Bagega, mafi girma a garuruwan da abin ya shafa, sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa bayan an daɗe ana kiran gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Maganin da aka bayar ya fi karkata ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma daidai ne, su ke mutuwa. Amma babban da ya shafe shekaru yana fasa wannan dutse yana niƙa shi yana ɗauke da rabonsa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin baligi a ƙashi take taruwa, ta zauna shekaru masu yawa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna tana jinkirta haɗewar karaya. Tana rage jini, tana taɓa ƙoda, tana kuma raunana jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu, har hannu ya riƙa langaɓewa. Mutumin da ransa ke rataye a riƙon igiya, hannunsa ya raunana, ba sai an faɗa masa abin da hakan ke nufi ba. Duk mai haƙa ko mai niƙa daga Anka ko Bukkuyum da za a haɗe wa ƙashin baya ya cancanci a auna dalmar jininsa, kuma watannin jinyarsa bai kamata ya yi su a gindin injin niƙa ba da sunan ya samu aiki mai sauƙi.

Taba sigari ita ma an tabbatar tana hana ƙashi haɗewa, kuma wannan ba a kan dabbobi kaɗai ba, a kan mutane ne. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ake saya a kemis ana sha kamar gyaɗa, likitoci da yawa kan hana su a watannin farko saboda wannan dalili. Tramadol kuwa illarta ta wani fannin ce. Tana kashe ciwon da shi ne kaɗai ɗan saƙon da bayan ke aikowa cewa an wuce gona da iri, tana kawo jiri, in an sha da yawa tana kawo farfaɗiya. Wanda ba zai iya shiga rami ba sai ya haɗiye ta, bai warke ba.

To me 'yan wasan hawan dutse suka gano da zai amfane mu? Akwai wata Ba'amurkiya, Kyra Condie, da aka haɗe wa ƙasusuwan baya goma a 2010 tana da shekara 13 saboda karkacewar baya, ta koma hawa, har ta wakilci ƙasarta a Tokyo. Labarinta ya isa shaida cewa baya mai ƙarfe yana iya hawa. Sai dai a lura da bambanci: yarinya ce mai ƙoshin lafiya, aikin da aka shirya ne ba karaya ba, lakarta ba ta taɓu ba, ƙasusuwan ƙugunta na ƙasa an bar su suna motsi, sannan ta sake salon hawanta ya dace da bayan da ba ya lanƙwasa. Darasin da ya fi labarinta amfani shi ne tsarin da masu wannan wasa ke bi wajen komawa. Ba su jera matakan bisa wahalar hawa, suna jera su ne bisa abin da zai faru in an faɗo. Mai jinya yakan fara da bango mai sauƙi, igiya ta sauko daga sama tana ɗaure da shi, abokinsa a ƙasa yana janye rarar, ta yadda in ƙafarsa ta zame zama kawai zai yi a iska. Daga baya ya koma hawan da shi ke tafiya da igiyar yana saƙala ta, inda faɗuwa ke da 'yar tazara. Abin da ake bari ƙarshe shi ne hawan gajerun duwatsu da ba su wuce mita huɗu ko biyar ba, wanda ake yi babu igiya sai katifa a ƙasa. Wanda bai sani ba zai ce shi ne mafi sauƙi tunda gajere ne. Shi ne mafi muni ga mai ɗinki a baya, domin duk faɗuwa a cikinsa dirar ƙasa ce.

In aka auna ramin Bagega da wannan ma'auni, za a ga ya haɗa munin duka. Yana da zurfin da ya fi na gajeren dutse nesa, babu katifa a ƙasa, igiyar kuma riƙe ta ake yi da hannu, ba ita ke riƙe da mutum ba. Inda ake ɗaurawa ma a ƙugu ake zagaya ta, kuma wannan wani haɗarin ne mai zaman kansa. Igiyar 'yan wasa an saƙa ta ne ta miƙe in an faɗo, ta shanye ƙarfin fizgar. Igiyar roba ta kasuwa ba don haka aka yi ta ba, fizgar duka a jiki take sauka, in kuma a ƙugu take ɗaure to a daidai wurin da likita ya yi aiki za ta naɗe mutum gida biyu. Tun 1998 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta haramta amfani da ɗamarar ƙugu kaɗai don tare faɗuwa, ta ce sai wadda ke zagaye cinyoyi da ƙirji da kafaɗu. Ƙa'idar Turai kuma ta ce ƙarfin da zai sauka a jikin ma'aikaci in igiya ta tare shi kada ya wuce kwatankwacin nauyin kilo 600. Irin wannan ɗamara ana samunta a kasuwannin kayan gini na Kano da Kaduna, masu hawa turakun sadarwa da ita suke aiki. Ɗamara ɗaya, igiya ta biyu mai kyau, da ƙarfe mai ƙafa uku da abin naɗe igiya a bakin rami, kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin fiɗa ɗaya ba. Ina ganin wanda aka yi wa aiki a baya bai kamata ya sake sauka ramin da babu waɗannan ba, ko da hoto ya nuna ƙashinsa ya haɗe sarai.

Sannan hawa da sauka ƙaramin sashe ne na yinin mai haƙa. Abin da ya fi cin baya shi ne zaman sunkuye da ɗaga buhu. A wani bincike da aka wallafa a 1999, masana a Jamus sun sa na'ura a cikin faifan ƙugun wani mutum suka auna matsin da ke kansa. Ɗaga kilo 20 da baya a lanƙwashe ya ninka matsin tsayuwa fiye da sau huɗu. Buhun dutse ya fi kilo 20 nesa ba kusa ba, kuma a cikin ramin kwance babu sararin da mutum zai durƙusa ya miƙe baya ya ɗaga da cinyoyi yadda masu gashin ƙashi ke koyarwa. Inda aka haɗe ƙasusuwa, motsin da suka daina yi yana komawa ne kan gaɓar da ke sama da wadda ke ƙasa, su riƙa lalacewa da wuri. Saboda haka mutum zai iya tsira daga faɗuwa shekara biyar, buhu ya mayar da shi gadon asibiti.

Hanyar komawa, in za a bi ta da hankali, daga tafiya take farawa tun kwanakin farko, kullum ana ƙara nisa a ƙasa mai laushi. A makonnin nan ƙananan abubuwa ne ke ɓata aiki: tashi daga tabarma da murɗa jiki maimakon a mirgina gefe a dafa hannu, tsugunno a bayan gida, jan guga, da doguwar tafiya a bayan babur a hanyar da ba ta da kwalta. Salla a zaune kan kujera da ishara sauƙi ne da shari'a ta bayar, kuma babu dalilin da zai sa mai sabon ɗinki ya tilasta wa kansa ruku'u da sujada don kunyar sahu. Bayan likita ya ba da izini sai motsa jikin da ke ƙarfafa naman ciki da na baya da cinyoyi, wanda ya kamata a koya daga masu gashin ƙashi kafin a baro asibiti, tunda a ƙauye ba za a same su ba. Daga nan aikin bakin rami da ba na ɗauka ba, kamar lissafin buhuna ko kula da kayan aiki. Hawa yana zuwa ne a ƙarshe, bayan hoto, a gwada shi a wuri marar zurfi da ɗamara a jiki. Mai ƙaramar fiɗa zai iya kaiwa nan a 'yan watanni. Wanda aka haɗe wa ƙasusuwa ya sa shekara a ransa. A kowane mataki, in ƙafa ta fara ja, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, ko miki ya fara ruwa da zazzaɓi, ranar za a kama hanyar asibiti. Jijiyoyin mafitsara in suka daɗe a danne ba su cika dawowa ba. Kuma wannan ba aikin mai ɗori ba ne. Masu ɗori suna da gwanintarsu a hannu da ƙafa, amma ja da murzar bayan da ke da ƙarfe ko karaya na iya tsinke abin da ya rage.

Akwai waɗanda amsarsu ita ce kada su koma rami har abada, kuma ɓoye musu zalunci ne. Wanda tafin ƙafarsa ba ya ji sosai ba zai san ko ya taka gurbi ko bai taka ba a cikin duhu. Haka wanda ƙafarsa ke ja, da wanda aka haɗe wa ƙugu har kwankwaso, da wanda ƙashinsa ya ƙi haɗewa, da wanda hannunsa ya raunana. Sai dai faɗa wa magidanci ya bar rami ba tare da an nuna masa inda zai ci ba magana ce da iska za ta kwashe. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 tana nan a takarda, amma mai haƙar da ba shi da rajista ko takardar ɗaukar aiki ba ya ganin ko ƙurarta. Abin da yake da shi shi ne ubangidan rami da abokan rabo. Su ne za su iya yanke cewa wanda ya karye a raminsu kasonsa na tafiya har ya warke, kuma in ya dawo yana da gurbi a sama. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi ƙungiyoyin haɗin gwiwa na ƙananan masu haƙa, kuma tunda gwamnatin tarayya ta ɗage a Disamba 2024 haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara a Afrilu 2019, ƙungiyar da za ta yi rajista tana iya sa asusun jinya da sayen ɗamara cikin sharuɗɗanta tun farko. Ita ce kuma za ta koya wa 'ya'yanta cewa wanda ya faɗo ba a naɗe shi a ɗora a babur. A kwance ake fito da shi, a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya riƙe da kai, sauran su juya shi gaba ɗaya. Mutum na iya fitowa daga rami yana motsa yatsun ƙafa, ɗauka marar kyau ta raba shi da su kafin a kai Anka.

Shekarun haramcin nan sun koya wa mutane ɓoye sana'arsu, kuma ba abin mamaki ba ne mai haƙa ya ce wa likitan Kano shi manomi ne. Likitan da ya ji haka zai ba da shawarar da ta dace da mai fartanya, ya ce bayan wata kaza a koma aiki a hankali. Yana bukatar ya ji zurfin ramin, da yadda ake sauka, da nauyin buhun, da shekarun da aka yi ana shaƙar ƙurar niƙa, da abin da ake haɗiya kafin a shiga. In majinyaci ya ji nauyin faɗa, ɗan'uwan da ke jinyarsa ya faɗa, ya kuma roƙi a rubuta a takardar sallama aikin da aka yarda ya yi da wanda aka hana da ranar dawowa hoto, don a samu abin nuna wa ubangidan rami in ya aiko kira.